Tambaya da Amsa: Shin matsalar tayirod na iya jawo ciwon damuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 31, wata bakwai ke nan da haihuwata ta huɗu. Tun wajen wata na huɗu nake jin jikina a mace, komai ba ya min daɗi, sai kuka babu dalili. Gashina na zuba, ina jin sanyi lokacin da kowa ke kukan zafi, kuma na yi ƙiba alhali ba wani abincin kirki nake ci ba. A asibiti aka ce ciwon damuwa ne, aka ba ni magani. Wata biyu ina sha, sauƙin kaɗan ne. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta ce in je a gwada min tayirod. Me ya haɗa wuya da damuwa? Kuma in daina shan maganin ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya abin da aka samu, ke kuma ya ba ki lafiya. Ƙawarki ta ba ki shawara mai kyau, ki je ki yi gwajin. Amma kada ki ajiye maganin da aka ɗora ki a kai sai da sanin likitan da ya rubuta miki shi.

Tayirod wata 'yar ƙwaya ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, nauyinta bai fi giram 20 zuwa 25 ba. Ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna zaton wanda ba shi da maƙoƙo tayirod ɗinsa lafiya take. Tana iya gazawa gaba ɗaya wuya yana nan sumul. Aikinta fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, sabunta fata da gashi, har da aikin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna buƙatar T3, kuma yana da hannu a aikin sirotonin, sinadarin da yawancin magungunan damuwa na zamani ke aiki a kansa. Idan sinadaran suka yi ƙaranci, tunani yakan yi nauyi, mantuwa ta yi yawa, sha'awar komai ta mutu, mutum ya wuni a kwance amma gajiya ba ta sake shi ba. Duk wanda ya ji wannan bayani zai ce ciwon damuwa ne, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Abin ba sabo ba ne a wurin likitoci. A shekarar 1949 wani likita a Landan mai suna Richard Asher ya wallafa bayanin marasa lafiya 14 da hankalinsu ya taɓu saboda tsananin gazawar tayirod, kuma da yawansu sun dawo hayyacinsu bayan an ba su sinadarin da jikinsu ya rasa. Shi ya sa likitocin ƙwaƙwalwa sukan nemi wannan gwaji ga mai damuwar da ta ƙi jin magani.

Idan kuma tayirod ta wuce gona da iri, hoton yakan juye: faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa, rashin barci, saurin fushi, rama duk da yawan ci. Sai dai a wurin tsofaffi wani lokaci ba ta zuwa da wannan hayaniyar, sai ka ga tsoho ya yi shiru, ya janye daga mutane, yana ramewa, a ce ai tsufa ne.

Yanzu bari mu dawo kanki. Kuka da rashin jin daɗi ba su bambanta mana komai ba, domin duka cututtukan biyu suna kawo su. Zubewar gashi ma ba hujja ba ce mai ƙarfi, yawancin masu jego gashinsu yakan zuba a watannin farko ya kuma dawo da kansa. Abin da ya ja hankalina shi ne jin sanyi a lokacin zafi, da ƙiba ba tare da ci ba, da kuma lokacin da abin ya fara. Ki lura ko akwai taurin bayan gida, bushewar fata, kumburin fuska da safe, ko muryarki ta yi kauri.

Akwai wani kumburin tayirod da ke biyo bayan haihuwa, wanda ke samun mata kamar 5 zuwa 10 cikin 100. Lokacin goyon ciki garkuwar jiki takan lafa don kada ta cutar da ɗan tayi. Bayan an sauka sai ta farfaɗo da ƙarfi, a wasu matan har ta kai wa tayirod hari. Da farko ƙwayar takan zubar da sinadaran da ta tara, mace ta yi 'yan makonni tana faɗuwar gaba da zufa da rashin barci, a ɗauka wahalar raino ce. Daga nan, galibi tsakanin wata na huɗu zuwa na takwas, sai ƙarancin ya biyo baya. Yawancin mata sukan warke cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma aƙalla ɗaya cikin biyar takan zauna da gazawar har abada, kuma abin yakan dawo a haihuwa ta gaba.

Akwai tambayar da nake so ki amsa wa likitanki ko da bai yi miki ita ba: kin zubar da jini mai yawa wajen haihuwa? An yi miki ƙarin jini? Nono ya kawo yadda ya saba? Dalilin tambayar shi ne, tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta, umarni take karɓa daga wata ƙwaya a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari. Zubar jini mai tsanani na iya lalata wannan ƙwayar, cutar da ake kira da sunan Sheehan, likitan da ya bayyana ta a 1937. A ƙasashen da kulawar haihuwa ta inganta ta yi ƙaranci sosai, amma a wurarenmu, inda har yanzu mata da yawa ke haihuwa a gida kuma a makara wajen kai mai zubar jini asibiti, ana ganin ta. Alamominta: nono ya ƙi kawowa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, ga kasala da jiri. Mace na iya shekaru a haka ana ce mata raguwa.

Gwajin na jini ne, ba ya buƙatar ki zo da yunwa. Ki nemi a yi TSH da kuma T4 tare. TSH shi ne kiran da fituwitari ke yi wa tayirod, kamar uwa mai ƙwala wa yaro kira ya tashi ya yi aiki: yawan ɗaga muryarta shi ke nuna yaron ya ƙi motsi. Saboda haka TSH mai yawa na nufin tayirod ta gaza, mai ƙaranci sosai kuma na nufin ta yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji ma'aunin lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0, amma ki bi wanda aka rubuta a takardarki. Na ce a haɗa da T4 ne saboda a cutar Sheehan mai kiran ce ta samu matsala, TSH na iya fitowa kamar lafiya lau alhali T4 ya yi ƙasa. A irin wannan hali ma sai an duba kotizol, wani sinadari da shi ma fituwitari ke ba da umarnin fitar da shi, an gyara shi kafin a fara maganin tayirod, in ba haka ba ana iya jefa mara lafiya cikin haɗari. Ki sa a auna yawan jininki a lokaci guda, don ƙarancin jini shi kaɗai ya isa ya kashe wa mai jego jiki. Kada a yi gwajin kina tsakiyar zazzaɓi mai tsanani, sakamakon yakan rikice. Idan kina shan ƙwayoyin gyaran gashi masu biotin, ki dakata aƙalla kwana biyu kafin a ɗibi jinin.

Idan gwaji ya nuna gazawa, maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, sunan da za ki gani a jikin kwali shi ne levothyroxine, kuma ba ta hana shayarwa. Ana sha da ruwa zalla da sassafe, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam, waɗanda ake yawan bai wa masu jego, suna hana hanji tsotse ta, don haka a raba su da awa huɗu. A watan azumi ana iya sha kafin sahur da tazarar minti 30 zuwa awa ɗaya, ko lokacin kwanciya idan an yi awa uku da cin abinci. Bayan sati 6 zuwa 8 sai a sake gwaji a daidaita adadin. Jiki yakan riga zuciya samun sauƙi, walwala na iya ɗaukar watanni kafin ta dawo sosai.

Ba na so ki ɗora dukkan fatanki a kan wannan gwajin. Ciwon damuwa na bayan haihuwa ya fi matsalar tayirod yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 20 cikin 100 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari damuwa. Gwajinki na iya fitowa lafiya, kuma wannan ba ya nufin ƙarya kike ko shagwaɓa. Yana iya nuna duka biyun suna tare, a haɗa miki magungunan biyu. Akwai kuma masu TSH da ya ɗan haura kaɗan, T4 daidai. A irinsu ba kasafai maganin tayirod ke ɗauke damuwa ba, sau da yawa sake gwaji kawai ake yi bayan wata biyu ko uku. Shi ya sa nake ƙin a je kemis a sayi maganin tayirod da ka, balle masu shan sa don rage ƙiba: idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, yana cinye ƙashi. Haka ma aidin, sinadarin da tayirod ke aiki da shi: wanda ke cikin gishirin leda ya wadatar, ƙari a kansa na iya dagula tayirod mai kumburi.

Dakatar da maganin damuwa farat ɗaya yakan kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma ya dawo fiye da da. Tunda wata biyu sauƙin kaɗan ne, ki faɗa wa likita haka, ko adadin zai ƙara ko ya canza wani. Ki tafi da maigida ko wata babba a gidanku su ji bayanin da kunnensu, a samu mai kama miki raino ki riƙa samun barci. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa ɗakin gwaji.

Idan kuwa tunanin kashe kanki ko cutar da jaririn ya taɓa zo miki, ko kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, kada ki jira sakamakon wani gwaji. Ki gaya wa wanda kika yarda da shi, a kai ki asibiti mafi kusa a ranar.