Katakon oak mai haske a falo, zai yi a Kaduna?

Hajiya kin tambaya ko katakon oak ɗin nan mai haske zai yi a shimfiɗa shi a ƙasan falonki. Zai yi, ƙurar hunturu ma ba ta fitowa a kansa kamar mai duhu. Amma fa daga Turai ko Amurka ake kawo shi, da hunturu sai ya tsuke ki ga tsaga tsakanin allunan, damina ta zo ya kumbura, don haka a bar shi ya kwana uku huɗu a ɗakin kafin a shimfiɗa, a bar santimita 1 jikin bango, a yi feshin gara tukuna. Mu a Barnawa tsumma jiƙe sharkaf ne ya ɗaga mana na ƙofar kicin, wallahi har yau abin na min ciwo. Ki dinga matsewa sosai kafin a goge.