Wa ke duba aikin masu kula da tsofaffinmu?

Tambaya: Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni kuma tun safe nake fita aiki. Mun ɗauki mai kula da ita ta hannun wani kamfani a nan Abuja. Ƙanina da ke Ingila ya ce a can akwai hukumar da ke bin diddigin irin wannan aiki. Yaya suke yi? Mu kuma wa zai duba mana? Daga wata 'yar'uwa a Kubwa.

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya. Gaskiya ƙanin naki ya faɗa. Hukumar CQC ce, wato mai sa ido kan ingancin kula da marasa lafiya da tsofaffi a Ingila, ta fara aiki a 2009, kuma duk mai son buɗe gidan kula da tsofaffi, ko tura ma'aikata su yi wa mutum wanka da sauransu a gidansa, sai ya yi rajista da ita. Yin aikin babu rajista laifi ne. Gidajen tsofaffi galibi ba a sanar da su ranar da jami'an hukumar za su zo dubawa. Jami'ai su zauna da tsofaffin, su ji ta bakin 'yan'uwa da ma'aikata, su buɗe littafin magani. Abu 5 suke aunawa: kariya daga cutarwa, ingancin kulawa, tausayi, biyan bukatar kowa yadda take, da shugabanci. Sakamakon mataki 4 ne, daga mafi kyau zuwa mafi muni, kuma dole a liƙa shi inda kowa zai gani. Wanda ya ƙi gyarawa ana iya soke rajistarsa, har a gurfanar da shi.

A nan gida akwai Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a Abuja, wadda dokar 2017 ta kafa. Amma abin da ke faruwa a ɗakin Hajiya da azahar, idonki ne zai fara gano shi. Takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da kamfani zai nuna miki shaida ce ta kasuwanci kawai. Idan sun ce mai kula da Hajiya nas ce, ki nemi lasisinta na majalisar nas-nas da ungozoma ta Najeriya.

Don Allah ki riƙa dawowa ba zato, ko ki sa wata ta leƙa. Ki sayi littafi a riƙa rubuta lokacin magani da abinci, ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Ki tambayi Hajiya ku biyu kawai. Tsofaffinmu akwai kawaici, ba za ta yi ƙorafi a gaban yarinyar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gyambon kwanciya, wato ciwon da ke fitowa a fata idan mutum ya daɗe a kwance ba a juya shi ba. Ki ɗaga zanin da kanki, ki duba ƙugu, ƙasan baya da dugadugai. Ya kamata a riƙa juya ta kamar duk awa 2. In kin ga fatar wurin ta sauya launi, ta yi zafi ko tauri, ki kira likita a ranar.