Idan Kowa Zai Iya Kwaikwayon Kayana, Ina Ribar Ƙirƙira?

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan waya, kuma ina so in sa a ƙera mini batirin ajiyar caji da sunana a jiki. Tsorona shi ne, yanzu duniya ta zama kasuwa ɗaya. Kafin jarina ya dawo, wani ya kwaikwaya ya karya farashi. In shiga ko in haƙura?

Amsa: Alhaji, tsoronka na kan hanya, za a kwaikwaya kam. Amma haɗewar kasuwar da ke tsorata ka ita ce ta sa mutum irinka zai iya yin kaya ba tare da gina masana'anta ba. Ko Apple ba ya ƙera iPhone da hannunsa: a Amurka ake zana ta, TSMC na Taiwan ya yi mata ƙwaƙwalwa, Foxconn ya harhaɗa akasari a Sin. Masana'antar birnin Shenzhen na Sin da za ta karɓi odarka, gobe da safe za ta karɓi ta maƙwabcinka, sau da yawa daga maƙera ɗaya, sai dai a sauya tambari.

To ina ribar take? Dubi Nokia. A 2007 kusan kashi 40 cikin 100 na wayoyin duniya nata ne. A wannan shekarar ce iPhone ta fito, Android ta biyo baya a 2008, zuwa 2014 Microsoft ya saye sashen wayoyin Nokia. Girma bai cece ta ba. Shi kuwa Transsion, mai Tecno da itel, bai zo da wata fasahar da ta gagari kowa ba. Ya lura ne da abin da manya suka raina: layi biyu, batiri mai daɗewa, kyamarar da ke fito da fuskar baƙar fata sosai. Kai da kake tsaye bakin kanta kana jin ƙorafin mai saye kullum, wannan ilimin na hannunka, kuma ba a loda shi a kwantena.

Ka shiga, amma da kaɗan. Ka gyara matsala guda da kwastomominka suka fi kuka da ita, ka ba da garanti, ka yi wa sunanka rajista kafin kaya su iso. Kada kuma ka rataya a masana'anta ɗaya. A 2021 ƙarancin ƙananan ƙwaƙwalwan lantarki ya tsayar da masana'antun motoci irin su Ford da Toyota, balle kai. Ka nemi samfur daga wuri biyu ko uku, ka yi wata guda kana caji da su kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami.