Ƙarin garantin kyamara: in biya dubu 200 ko in riƙe kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a wuraren biki a Zariya. Na tara kuɗi zan sayo sabuwar kyamara da lensi ɗaya daga Legas, duka naira miliyan 2 da dubu 400. Mai shagon ya ce in ƙara dubu 200 ya ba ni ƙarin garanti na shekara 2 bayan na kamfani ya ƙare. In biya ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Da ni ne, ba zan biya ba, sai mai shagon ya nuna mini abin da zan faɗa maka a rubuce, kuma da wuya ya iya.

Fara da tambayar kanka me ke kashe kyamarar mai ɗaukar biki. Kana tsakiyar fili ana liƙi, ka ja da baya don ka samu amarya da ƙawayenta duka, wani yaro ya yi tuntuɓe da ƙafar kyamarar, sai ka ji tim a ƙasa. Ko ka je hawan Sallah cikin hunturu, dawakai sun tayar da ƙura, ka canza lensi a tsaye a nan, washegari duk hoton da ka ɗauka akwai ɗigo baƙi a sararin sama. Ko damina ta wuce jaka tana ajiye a ɗaki mai laima, ka buɗe ka ga fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashi. Sai kuma wanda ya fi ciwo, ka ajiye jaka ka shiga sahun sallah, ka fito babu ita. A cikin waɗannan babu wanda garanti na yau da kullum yake biya. Shi garanti aibin da aka yi a masana'anta yake ɗauka, kuma irin wannan aibi yawanci a watannin farko yake bayyana, lokacin da garantin kamfani bai ƙare ba. Canon da Nikon da Sony galibi shekara 1 suke bayarwa. Ka ga kenan dubu 200 ɗinka za ta tsare maka shekara ta biyu da ta uku, lokacin da kyamarar kirki ta fi zama lafiya.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Garantin kyamara yana bin yankin da aka yi niyyar sayar da ita. Kaya da yawa da ke kasuwanninmu 'yan kasuwa ne suka ɗauko su daga Dubai ko Amurka ko Hong Kong, ba ta hannun wakilin kamfani suka shigo ba. Sababbi ne fil a kwali, ba jabu ba ne, amma katin garantin da ke ciki na wata ƙasa ne, wakilin kamfani a nan yana iya ƙin karɓa. To idan na shekarar farkon ma yana tangal-tangal, ƙarin a kan me zai hau? Sau da yawa abin da ake kira ƙarin garanti alkawarin mai shago ne kawai. Idan ya tashi daga shagon, ko ya ce kai ka jiƙa ta, wa za ka kama? Kuma kana Zariya yana Legas: kuɗin aikawa da dawowa naka ne, makonnin jira naka ne, bukukuwan da za su wuce ka naka ne.

Shi ya sa nake ganin babbar asararka ranar da kyamara ta tsaya ba kuɗin gyara ba ce. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Ka karɓi kafin alƙalami, ango ya fito da babbar riga, kyamara ta ƙi tashi, takardar garanti ba za ta ɗauki hoto ko ɗaya ba. Wannan dubu 200 ka mai da ita harsashin kuɗin kyamara ta biyu, ko da ta hannu ce, wadda lensinka zai shiga. In za ka sayi ta hannu, ka sa a duba maka adadin hotunan da ta ɗauka, domin labulen cikinta da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka ɗauki hoto yana da iyaka. Canon 5D Mark IV da Nikon D750, alal misali, an ƙiyasta nasu a kan danni 150,000. Mai ɗaukar hoto 1,000 a kowane biki, biki biyu a mako, zai kai nan kafin shekara 2. Bayan haka ka buɗe asusu na daban, duk aikin da ka yi ka jefa wani abu a ciki da sunan gyara, kada ka taɓa shi ko da kuɗin cefane ya yanke.

Ban ce duk irin wannan tsari banza ba ne. Wanda kamfanin da kansa yake sayarwa kuma yake ɗaukar faɗuwa da ruwa yana da amfani, musamman ga ƙaramin jirgin ɗaukar hoto, wanda faɗowa ce ajalinsa. DJI, kamfanin da ke ƙera irin waɗannan jirage, na da irinsa, amma a wasu ƙasashe kawai yake aiki, kuma sai ka cika wani kuɗi kafin a canza maka. Sata kuwa aikin inshora ne. In kayanka sun yi yawa, ka je kamfanin inshora, ko na takaful, wato inshorar Musulunci, in shi hankalinka ya fi kwanciya da shi, ka tambayi nawa za su karɓa a shekara.

In har zuciyarka na son garantin, ka ce mai shagon ya turo maka hoton takardar sharuɗɗan ta WhatsApp kafin ka tura ko kwabo. Ka duba sunan wanda zai yi gyaran da adireshinsa, ko faɗuwa da ruwa suna ciki, da kwana nawa za ka jira. In ya fara cewa "kar ka damu Alhaji, ai mun zama ɗaya", ka riƙe kuɗinka. Ko ka biya ko ba ka biya ba, ka tabbata an rubuta lambar jikin kyamarar da ta lensin a kan rasit, kuma a makon farko ka ɗauki hoto da bidiyo da ita sosai, ka gwada kowane maɓalli tun mai shagon bai manta fuskarka ba.