Alhaji, mukullin shagon nan a hannun wa yake?

Wani Alhaji mai sayar da shadda da batakari a kasuwar Kejetia, mazaunin Aboabo a Kumasi, ya aiko da tambaya: "Ɗan yayata ne ya buɗe mini shafin sayar da kaya a intanet shekara biyu da suka wuce, shi ke kula da komai. Yanzu zai tafi Jamus karatu. Wani yaro masanin kwamfuta ya ce in ba shi sidi 3,000 ya yi mini rufaffiyar hanyar shiga sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, daga nesa, kada a sace mini bayanai. In biya? Burina in riƙa tura kaya Amurka da Ingila, in huta da zaman shago."

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da yaron ya faɗa gaskiya ne. Hanyar da yake nufi ana kiranta SSH. Wani mutumin Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro ta a 1995, bayan an yi ta satar kalmomin sirri a jami'arsu. Tana lulluɓe duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfutarka da sabar, ko mutum ya tsaya a tsakiya ba zai karanta komai ba. Manhajar kyauta ce, ladan aiki kawai za ka biya, kuma aikin bai wuce na yini guda ba. Kana da damar yin ciniki.

Amma ni ba nan hankalina ya tsaya ba. Ka ce ɗan yayarka ke kula da komai. To da sunan wa aka yi hayar sabar? Imel ɗin wa aka sa? In za a canza kalmar sirri, wayar wa lambar tabbatarwa ke shiga? In amsar duka ukun shi ne, Alhaji, shagon nan ba naka ba ne, kaya kawai ka zuba a ciki. Rufaffiyar hanya tana kare ka daga baƙon da ke bisa hanya, ba ta karɓo maka mukulli daga hannun wanda ya riga ya riƙe shi.

Ban ce ɗan yayarka zai cuce ka ba. Wata Hajiya mai turare a Nima ta zo wurina, ita ma ƙaninta ne ya yi mata komai, yaro mai amana. Ya yi tafiya, layinsa na Gana ya mutu, katin da ake cire kuɗin haya ya ƙare. Saƙon gargaɗi ya yi ta shiga imel ɗin da ba mai buɗewa. Kamfanin ya rufe sabar, sunayen masu sayenta na shekara uku da lambobinsu suka tafi. Kuɗin hayar bai kai dala 10 a wata ba. Tana zaune gabana tana jujjuya waya a hannu, tana tambayata wa za ta kira, ba ni da amsa.

Kafin ɗan yayarka ya hau jirgi, ku zauna ku uku, kai da shi da masanin kwamfutar. A mayar da hayar sabar da rajistar sunan shafin zuwa sunanka, imel ɗinka, layinka. Sannan a yi maganar mukulli. Mukullin SSH tagwaye ne: ɗaya a ajiye a sabar, ɗayan ya zauna a kwamfutar mai shi, ba a tura shi ta WhatsApp ko da wasa. Kowa da nasa, kai ma da naka, ko ba ka iya amfani da shi ba. Ranar da kuka rabu da wani, layi ɗaya za a goge, an rufe masa ƙofa ba tare da rigima ba. Da zarar an gwada mukullan sun yi aiki, a kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya.

In kana ganin na cika tsanani, ka sa a buɗe maka rajistar masu ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wato ƙofar sabar da SSH ya saba bi. Za ka ga layi bayan layi, dare da rana, injuna daga ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba suna gwada kalmomin sirri. Ba su san ka ba, bangon da ya tsage suke nema. Ka kuma tuna lambobin waya da adireshin mutane da ke ciki amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 a kanka ta ɗora nauyinsu, ba kan ɗan yayarka ba.

Maganar Amurka da Ingila kuwa, ajiye ta tukuna. Oda nawa shafin ya kawo watan jiya, kuma nawa ya rage bayan kuɗin aike? In ba ka rubuta ba, kada ka kuskura ka saki shagon Kejetia.

Yaron mai sidi 3,000 kuma, kada ya zama ɗan yayarka na biyu. Ka ba shi rabi, sauran sai ya rubuta maka a takarda su wa ke da mukulli, ya kuma kwafo maka bayanan masu sayenka a ajiye a gida, ka gani da idonka.