Ka fara da kwat, sauran kaya su bi ta

Ajiye wayar nan tukuna, ɗana, ka jawo benci. Ka ce yaron nan na unguwar Aboabo da zai tafi karatu Ingila a watan Satumba ya turo maka hotuna bakwai daga Instagram, wannan da kwat da taye, wancan da kaftani, wani kuma shigar 'yan ƙwallo, kana tambayata wanne za mu ɗinka masa na sanyi. Almakashi ba zai taɓa yadi ba sai ya zo na ji daga bakinsa.

Wanda ya kawo hoto bakwai bai san abin da yake so ba. Tambaye shi me yake sawa ranar da ba biki, ba Juma'a, ba kuma wadda zai je zance wurinta. In kaftani ne, to hanyarsa ke nan, can ma ita zai bi. Na sha ganin wanda bai taɓa ɗaura taye ba ya zuba kuɗi a kwat da wando har uku don zai hau jirgi, su ƙare a ƙasan akwati.

Kai sanyin da ka sani hunturunmu ne: ƙura, tsagewar leɓe, a sa suwaita da asuba a tuɓe kafin hantsi. Nan Kumasi ma'auni kan nuna wajen digiri 20 da safe a Janairu, mu ce mun sha sanyi. Landan a Janairu wajen digiri 5 ne, ga yayyafi ga iska, a Disamba kuma rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Daga Nuwamba har Maris abin da mutane za su gani a jikinsa a titi kwat ɗin sama ce. Don haka ita ake fara zaɓa. Ruwan toka, baƙa, ruwan ƙasa ko shuɗiya mai duhu, ya tsaya a kan ɗaya, sannan duk yadin da za mu yanka a kara shi da ita a ga ko suna shiri.

Kwat ɗin ba mu za mu ɗinka ba, ba kuma abin kunya ba ne tela ya faɗi haka. Raka shi wurin 'yan gwanjo a kasuwar Kejetia ranar da aka kwance sabuwar dila, ku nemi ta ulu mai kaiwa gwiwa. Ka karanta takardar da ke cikin wuya. In an cire ta, zaro zare ɗaya daga kalmasa ka kyasta masa ashana: ulu yana warin ƙonannen gashi, ka murza tokar ta watse, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule kamar ƙwayar tasbaha. Ulu ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi. Auduga in ta jiƙe sai ta manne a jiki.

A nan na taɓa kwafsawa. Ina sabon buɗe shago wani ɗan unguwarmu da ke zaune a Hambog ta Jamus ya kawo shadda Getzner, na yi masa kaftani huɗu sun kama jiki tsaf, har ina yabon kaina. Da ya dawo hutu sai ya zube min su a tebur, karin gugana ma bai baje ba. Suwaita ba ta shiga ƙarƙashinsu, shadda kuwa in sanyi ya buge ta ji kake kamar ka yafa kwano. Tun ranar nake ƙara inci biyu a ƙirji, in zurfafa hammata da inci ɗaya, in sa shafi. Tsayin kaftanin kada ya leƙo ƙasan kwat da yawa, ƙafar wando kada ta taɓa ƙasa, don hanya a jiƙe take kullum. Ka sa masa maɓallai masu saurin ɓallewa, saboda cikin aji da cikin bas da ɗumi, mutum na cire kaya yana mayarwa. Farar shadda ɗaya ta ishe shi, ta Juma'a da Sallah.

In so samu ne ya tafi da batakari, rigar saƙin nan ta arewacin Ghana. Wanda aka saƙa da hannu a garin Daboya, ƙyalle-ƙyalle masu faɗin inci huɗu, an rina da baba, yana da nauyin da zai kai shi Oktoba lafiya. Batakari Nkrumah ya sa daren samun 'yancin Ghana a 1957, ba wanda zai raina shi. Sai dai hammatarsa a buɗe take, iska na shiga, dole a sa suwaita mai dogon wuya a ciki, baƙa ko ruwan toka. Duk wanda ya gan shi haka ya san daga inda ya fito, ba sai ya faɗa ba.

Kira shi ya zo bayan la'asar, ya taho da suwaitar da zai riƙa sawa. A kanta za ka auna shi, ni ina kallo. Miƙo min allin can.