Tambayi Likita: Ɗura, Maganin Ƙiba da Abin da Muke Faɗa wa Yara Kan Jikinsu

Likita, ɗana ɗan shekara 2 ba ya cin abinci sai na danne shi na yi masa ɗura. Kakarsa kullum cewa take ya rame. Yaya zan yi? (Wata uwa daga Zariya)

'Yar'uwa, ki bar ɗurar nan daga yau. Yaron da aka kwantar, aka toshe masa hanci, aka zuba masa koko yana kuka, hanyar numfashinsa a buɗe take. Kokon na iya bi ta can ya shaƙe shi nan take, ko ya sauka huhu ya jawo nimoniya bayan 'yan kwanaki. Wanda ya tsira kuma, da ya hango kwano sai ya datse baki, domin ya haɗa abinci da azaba.

Raguwar ci a wannan shekarun ba cuta ba ce. A shekarar farko jariri kan ninka nauyin haihuwarsa sau uku, bayan nan kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa a shekara. Girman ya lafa, shi ya sa cin ya ragu. Katin awo ne zai nuna ko ya rame, ido ba ya iya wannan aikin. Ki kai shi a auna nauyi da tsawo, a kuma zagaya damtsensa da igiyar awo mai launi: santimita 12.5 zuwa sama lafiya, ƙasa da 11.5 tamowa ce mai tsanani.

Idan awo ya yi kyau, ku raba aiki. Ke ce mai zaɓar abin da za a ci, da lokaci, da wurin zama. Yawan abin da zai shiga ciki kuwa nasa ne. Abinci sau 3, ɗan abin taɓawa sau 2, tsakaninsu awa 2 zuwa 3, kuma a tsakanin ba komai sai ruwa. Yawancin yaran da ake cewa ba sa ci, cikinsu cike yake da shayi, biskit da lemon kwali. Madara ma kada ta wuce rabin lita a rana. Ki zuba masa cokali 3 ko 4, in ya cinye ki ƙara. Bayan minti 30 ki ɗauke kwano, ba faɗa ba lallashi. Tunda kaɗan yake ci, kaɗan ɗin ya zama mai amfani: garin ƙuli-ƙuli ko gyaɗa niƙaƙƙiya a kunu, ɗan manja a fate, ƙwai, wake, zogale. Gyaɗa guda-guda ban da ita, tana shaƙe ƙananan yara. Sabon abinci kuma sai an kawo shi sau 10 ko fiye kafin wasu yaran su karɓa.

Kumburin ƙafafu, gudawa mai daɗewa, tafin hannu ya yi fari, ko nauyi ya tsaya a awo biyu a jere, waɗannan na asibiti ne ba jira.

'Yata mai shekara 9 siririya ce, an ba ni shawarar in saya mata "sha ka fashe" a kemis. Yana da illa? (Wani uba daga Maraɗi)

Malam, yana da illa babba. Abin da ake sayarwa da wannan sunan galibi siproheptadin ne, ko dekzametazon, ko haɗinsu. Na farko maganin ƙaiƙayi ne da ke buɗe ciki, yana sa yarinya gyangyaɗi a aji. Na biyun ya fi muni. Kumburin fuskar da ake yi wa murna ruwa ne da kitse da suka taru a inda bai kamata ba. Dekzametazon ɗin yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, yana kuma tsayar da tsawon yaro. Idan an riga an yi makonni ana sha, kada a yanke lokaci guda, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewar na iya kai mutum ga suma. Likita ne zai rage a hankali.

Yarinyar da ke wasa, tana karatu, tsawonta na ƙaruwa, ƙila ƙirar gidanku ce. Ka dubi kanka da mahaifiyarta. A duba tsutsar ciki da ƙarancin jini. Sannan ka hana a kira ta "sillan kara" a gabanka, ko da goggonta ce ta faɗa cikin wasa.

Ɗana ɗan shekara 11 yana da ƙiba, a makaranta Lukuti suke ce masa. Na fara hana shi tuwon dare. Daidai ne? (Wani uba daga Kano)

A'a, Malam, ka mayar masa da tuwonsa. Yaron da aka hana abinci zai ci a ɓoye, da sauri, ya wuce ƙoshi, sannan kunya ta biyo baya. A wannan shekarun sau da yawa abin da muke nema shi ne nauyin ya tsaya yayin da tsawo ke ƙaruwa.

Gyaran na gida ne gaba ɗaya, kada a ware masa kwano. Ku fara da abin sha: kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, zoɓon da aka cika wa sukari ma bai yi nisa da haka ba. A ci tare, ba waya ba talabijin, domin mai kallo ba ya jin lokacin da ya ƙoshi. A ƙara miyar ganye da wake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na minti 60 kullum, ƙwallo da keke sun wadatar. Ka daina yi masa maganar tumbi, ka riƙa yabon abin da jikinsa ke iyawa. Zolayar kuma ka je makarantar da kanka ka ga malaminsa. Idan wuyansa ya yi baƙi kamar dauɗar da ba ta fita, ko yana minshari sosai, a auna masa sukari da hawan jini.

'Yata mai shekara 15 ta daina cin abinci da mu, tana shan shayin rage ƙiba da ta gani a TikTok. (Wata uwa daga Jos)

Hajiya, wannan ta fi sauran gaggawa. Ƙaruwar kitse a ƙugu da cinya lokacin balaga halitta ce, amma 'yan mata da yawa ba a taɓa gaya musu ba. Irin wannan shayin yawanci filasko ne a ciki. Gudawa yake sa wa, ruwa da sinadarin fotasiyam ke fita, kitse na nan, kuma ƙarancin fotasiyam na rikita bugun zuciya.

Ki lura ko tana shiga banɗaki da zarar ta ci, ko tana yawan azumi don gudun abinci, jiri, jin sanyi, zubewar gashi, ko al'adarta ta ɗauke. Ko ɗaya kika gani, ku je asibiti cikin makon nan, domin cutar ƙin cin abinci tana kisa, kuma ta fi jin magani in an kama ta da wuri. Ki same ta ku biyu kawai, ki ce: "Na ga ba kya ci tare da mu, hankalina ya tashi." Kada ki ce ta rame ko ta yi kyau. A asibiti ki nemi a auna nauyi, bugun zuciya da gishirin jini, a kuma haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa.